Auta Mai-tafireta da Yayarsa

Har gemunsa ya koma fari fat, ba wanda ya daina kiransa Auta. A ofisoshi ne kaɗai ake ce masa Mai-tafireta, don sana'arsa ke nan shekara talatin da 'yan kai, gyaran injin buga takarda. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai sayar da takardu da alƙaluma da wani mai ɗaukar hoto. Mutum ne dogo siriri, in zai shiga shagon sai ya rusuna, in ya zauna kuma gwiwoyinsa su tokare teburi. A kan teburin akwai faranti mai kananzir inda yake jiƙa haruffa, da tsohon buroshin haƙori, da 'yan filayoyi, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi. Yatsunsa kullum rabi baƙi rabi ja, launin ribin, ƙyallen tawadar tafireta. Yakan ce in an kawo masa tafireta ba sai an yi bayani ba, layi ɗaya zai buga ya gane ko akawun da ke aiki da ita mai zuciya ne.

Yana da yaya mace, su biyu rak uwarsu ta bari. Shekara goma sha biyu ke tsakaninsu. Uwar ta rasu yana ɗan wata bakwai, mahaifinsu kuma direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, don haka a bayan Yaya ya girma. Ita kuwa tun daga nan ba ta ƙara ko taƙi ba. Gajera ce sosai, in ta tsaya kusa da shi kanta daidai aljihun rigarsa na ƙirji yake, shi ma sai ta sa takalmi mai tudu. Takan ce tsawon da aka rubuta mata shi ya tsotse yana goye, kuma har yau bai ce na gode ba. Amma gajere ba yaro ba ne. In ta ɗaga murya a tsakar gida, Auta da tsawonsa sai ya rasa inda zai sa hannuwansa. Da ya fara musu da ita take tuna masa cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle shi da ya zama rimin da kansa.

Aikinta awon jarirai ne a wani ƙaramin asibitin mata da yara, can ƙarshen gari. Mijinta ya rasu da wuri, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta kama ɗaki a layin da ke bayan gidan Auta. Tafiyar kusan sa'a guda ce daga nan zuwa asibitin, kuma da ƙafa take yi, don motar haya ba ta yi da ita. Matakin ya yi mata tudu, masu turereniya kuma ba sa ganinta sai sun taka ta. Shekara da shekaru tana wannan tafiyar, har gwiwa ta fara ƙara. Ba ta faɗa ba, shi ya lura tana dafa bango in za ta tashi daga tabarma.

A daidai wannan lokacin ne wani tsohon ma'ajin kaya a ɗaya daga cikin ofisoshin da yake wa gyara zai bar aiki, ya sa babur ɗinsa a kasuwa. Irin mai ƙananan tayoyin nan ne da ake ce wa besfa, shuɗi mai haske, da faffaɗan wurin ajiye ƙafa a gaba inda tafireta za ta zauna daram tsakanin ƙafafun mutum. Auta ya saya. Ya ce wa matarsa saboda aiki ne, ita kuwa ta yi murmushi ta ce ai ta san aikin, yana sa farar riga yana zaune a layin baya. Sati biyu yana koyon tuƙi a filin makaranta bayan an tashi, kafin ya je ƙofar Yaya wata safiyar Litinin ya danna hon.

Ta fito da farar rigarta ta aiki a goge, da jaka, ta zagaya babur ɗin tana kallonsa kamar mai taya akuya. Auta bai kashe injin ba. Ƙafa ɗaya ya sa a ƙasa, yana ta murɗa hannu don maƙwabta su ji. Kujerar baya ta kai mata kusan ƙirji. Ta nemi wurin taka ƙafa ba ta samu daidai ita ba, sai ta cafki kafaɗarsa da hannu biyu ta yi tsalle. Nauyinta ba wani nauyi ba ne, amma duk a gefe ɗaya ya zo, kuma a gefen da ba shi da ƙafa a ƙasa. Babur ya karkata, suka zube su uku. Ƙaurinta ya sauka a kan salansar babur ɗin mai zafi.

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta kaɗe rigarta, ta dubi ƙunar, ta dube shi, ta koma ɗaki. Da kanta ta wanke ciwon ta ɗaure. Can ta fito da wata rigar ta wuce shi da ƙafa tana ɗingishi, ko kallonsa ba ta yi ba. Ya bi ta a baya yana tura babur yana ba da haƙuri har bakin titi. Nan ta juyo ta ce masa shekara uku tana goyonsa, ko sau ɗaya ba ta taɓa kayar da shi ba. Abin da ta faɗa ke nan, kuma kwana tara ba ta ƙara masa wata magana ba in ban da amsa gaisuwa.

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya zauna a shago ya kasa aiki, ya kwance tafireta ya manta yadda zai mayar. A kwana na uku ne ya dawo cikin hankalinsa, ya fara tunani irin na mai gyara. A sana'arsa in harafi bai kai takarda ba, ba harafin ake zagi ba, ƙarfen da ke ɗaga shi ake daidaitawa. Ya roƙi matarsa ta je gaida Yaya da jiki, ta auno masa tsawon ƙafarta daga gwiwa zuwa diddige ba tare da ta sani ba. Matar ta tafi da zare a hannu, ta yi kamar tana duba ɗaurin ciwon. Yaya ta bar ta ta gama tsaf, sannan ta ce ta gaya wa wanda ya aiko ta ya ƙara yatsa biyu saboda takalmi.

Da wannan zaren ya zagaya gari. Mai walda ya yi masa faffaɗan mataki a gefen hagu, nesa da salansa, wanda zai ɗauki ƙafa biyu, ya kuma ɗaura ƙarfen riƙewa a bayan kujera da raga a jikin taya don kada bakin riga ya shiga. Mai gyaran kujerun mota ya farke fatar kujerar baya, ya rage soson da kusan rabi ya mayar ya ɗinke. Kafinta ya yi 'yar kujerar katako mai ƙafa huɗu a buɗe, wadda ba ta rawa ko a kan tsakuwa. Sai gwaji. Da buhun gawayi ya fara, yana sa matarsa ta jefa shi a kujerar baya ta gefe ɗaya, shi kuma ya ga ko zai iya riƙe babur ɗin. Daga baya matar ta zama fasinja da kanta, tana tafiya a durƙushe don ta yi daidai da Yaya, 'ya'yansu mata biyu suna bakin ƙofa suna dariya har da faɗuwa.

A rana ta goma ya koma ƙofarta. Wannan karon tun daga bakin layi ya kashe injin ya gangaro shiru. Ya ajiye 'yar kujerar a gefen hagu, ya zauna, ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa, ya matse burki, ya ɗan kwantar da babur ɗin wajenta. Ya yi mata bayani a hankali kamar yadda yake wa sabon akawu: ta hau kujerar katako, ta dafa kafaɗarsa da hannu ɗaya, ɗayan ta kama ƙarfen baya, ta juya ta zauna zaman gefe, ta ɗora ƙafafu biyu a mataki, ta tattara rigarta a ƙarƙashin cinya. Ba zai tayar da injin ba sai ya ji daga bakinta.

Ta hau. Ta gyara zama, ta gwada matakin da diddige, ta ji ƙafarta ta kai.

"Na zauna," in ji ta.

Sai a lokacin suka lura cewa kujerar katakon tana ƙasa, ba mai ɗauko ta. In ya sauka zai ɗauka, babur ya faɗi, in ta sauka kuma an koma farko. Suka bi kujerar da kallo. Yaya ce ta fara dariya, dariyar da ta wanke kwana taran nan. Ranar maƙwabciyarta ce ta miƙo musu. Washegari Auta ya huda katakon ya zura igiya, in ta zauna sai ta jawo kujerar sama kamar mai jan guga, ta miƙa masa ya rataya a ƙugiyar gaba. A asibiti kuwa akwai wani dakalin siminti a bakin famfo da ya yi daidai da matakin, nan yake tsayawa ta sauka kamar sarauniya. Ya saya mata hular kwano, mafi ƙanƙanta a shagon, duk da haka sai da aka cusa tsumma a ciki. Ta ce ta zama tukunya da murfi, amma ba ta taɓa hawa ba ita ba.

Shekara goma sha bakwai suka yi a haka, safe da yamma, in ban da ranar hutu. Garin bai cika ba tukuna a lokacin. Akwai itatuwa a bakin hanya, mota sai jefi-jefi, ana iya hira a kan babur ba tare da an ɗaga murya ba. Yaya ba ta taɓa tuƙa ko keke ba, amma ita ke tuƙin daga baya. Ta san kowane rami, takan ja masa riga tun kafin su kai. In ya ƙara wuta ta tuna masa sannu ba ta hana zuwa. Rabin mutanen da suke wucewa kuma ta taɓa ɗora su a sikeli, ba ta riƙe suna, nauyi take riƙewa. Sai ta zungure shi ta ce ya ga mai gyaran rediyon can, kilo biyu da kwata ne, ba wanda ya zaci zai rayu. Wancan ɗan sandan mai tumbi kuwa kilo huɗu, tun ranar yake da haɗama. Mata na tsayar da su a hanya da goyo a baya, ta ɗaga jariri daga kan babur ta jijjiga shi, ta faɗi nauyinsa, kuma da wuya ta kuskure. Auta yana tsaye da ƙafa biyu a ƙasa da burki a matse har su gama, ko da kuwa ana jiransa a ofis.

Sau ɗaya tak ya karya dokarsa. Lokacin kwamfuta ta fara shiga ofisoshi, ana kwashe tafiretoci ana jibgewa a sito. Wurin da da yake gyara goma sha biyu ya koma biyu, daga baya aka ce ma ya daina zuwa. Ya daɗe yana son ya gaya wa Yaya cewa sana'ar ta zo ƙarshe, zai rufe shago, amma kunya ta hana shi, don ita ta kai shi wurin mai gidan da ya koya masa aikin, da hannunta. Wata safiya ya ƙudura sai ya faɗa. A ganinsa a kan babur ya fi sauƙi, tunda ba za su haɗa ido ba. Ranar akwai wata tsohuwar tafireta mai nauyi a tsakanin ƙafafunsa. Yaya ta hau kujerar katako, ta dafa kafaɗarsa, sai ta tuna ta bar tabaranta a kan taga, ta sake shi. Ta faɗa masa, amma wata motar yashi na wucewa, shi kuma hankalinsa na kan jawabinsa. Ya ji an dafa shi, ya ji an saki, ya tayar ya tafi.

Tun daga bakin layi ya fara. Ya yi bayanin kwamfuta, ya yi na ofisoshi, ya ce ba lalaci ba ne, zamani ne ya juya. Da ya ji shiru ya ɗauka ranta ne ya ɓaci, sai ya ƙara sassauta murya. Madubi bai taimake shi ba, don dama ko tana nan ba ta fitowa a ciki. Shirun ya ba shi ƙarfin gwiwa har ya wuce maganar shago. Ya ce ya san abin da ta bari saboda shi, karatun da ta so ta yi mai zurfi, da manemin da ta kora don ya ce ba zai riƙe ƙaninta ba. Ya ce bai taɓa godewa ba don bai san ta inda zai fara ba. Ya isa bakin famfo idonsa da ƙwalla, ya kashe injin, ya kafa ƙafafu, ya ce ta sauka a hankali. Tsohon mai gadin asibitin ya matso ya gaishe shi, ya leƙa bayansa.

"Yau Yayar ba ta da lafiya ne?"

Ya same ta zaune a kan kujerar katakon a ƙofar gida, da hular kwano a kai da tabarau a ido, tana hira da maƙwabciya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce dai ta ga bakinsa na motsi har ya sha kwana, me yake cewa? Ya ce ba komai, lissafin aiki ne. Ta dube shi ta saman tabarau, ta ce in maganar shagon ce, matarsa ta gaya mata tun wata biyu da suka wuce, kuma wanda ya iya gyara abu mai haƙora arba'in ba zai kasa gyara keken ɗinki mai allura ɗaya ba. Sauran maganar bai maimaita ba, ranar ko bayanta. Ya sha cewa zai yi, sai ya ga kamar an riga an faɗa.

Haka kuwa aka yi, ya koma gyaran keken ɗinki a shagon nan dai na ƙarƙashin matakala, teloli suka maye gurbin akawuna. Yaya ta yi ritaya ba da daɗewa ba. Tafiyar tasu ta ragu, ta koma ta zuwa ganin likitan ƙashi da gaida marasa lafiya. Gari ya cika, aka sare itatuwan aka faɗaɗa titi, hon ya yi yawa har hira ta gagara. Gwiwarta ta ƙara lalacewa, hawa 'yar kujerar ma ya zama aiki, sai babbar 'yarsa ta riƙe ta ta ɗaya gefen. 'Yar ta yi aure ta sayi mota, ta yi ta roƙon Gwaggo ta bar babur, Gwaggo ta ce mota na sa ta jiri, kuma ba a ganin mutane.

Wata ranar Asabar da hantsi ta aiko a kira shi, ta ce ya kai ta unguwar da aka haife su. Rabonsa da can tun yana ɗan shekara shida. Suka tafi a hankali, tana nuna hanya, sau biyu suna ɓata don duk alamunta an rushe. Da ƙyar ta gane wurin ta wata tsohuwar rijiya da aka rufe da siminti. Gidan ya zama shagon sayar da fenti da bututun ruwa. Mai shagon ya fito musu da benci da ya ji abin da ya kawo su. Ta zauna tana nuna masa da sanda: nan ɗakin yake, inda aka jera bokitan fenti, nan kuma madafa, can wajen bututun ne aka yi masa wankan farko, ita ta riƙe fitila. Sannan ta gaya masa abin da bai taɓa tambaya ba. Uwarsu doguwa ce, ta fi mahaifinsu tsawo, sai ta sunkuya take shiga ɗaki. Tana da yatsu dogaye, ita ke gyara wa matan layi fitila da kwaɗo in sun lalace.

"Duk ita ka kwaso," in ji Yaya. "Ni kakarmu na biyo. Zancen ka tsotse min tsawo tsokana ce kawai."

Auta ya daɗe yana kallon hannuwansa. Bai san fuskar uwarsa ba, ba hoto, kuma duk rayuwarsa in ya ƙiyasta ta gajera yake gani, mai kama da Yaya. Suka sha ruwan da mai shago ya kawo, suka yi godiya. Shi da mai shagon suka taimaka mata ta hau. A hanyar dawowa ba ta ja masa riga ko sau ɗaya ba, ta jingina kanta a bayansa, yana jin ƙarfen hular a tsakanin kafaɗunsa har gida.

Ba ta ƙara hawa ba. Da damina ta kwanta, kafin ruwa ya ɗauke Allah ya yi mata rasuwa, a ɗakin da matar Auta ta gyara mata a gidansu. Mutanen da suka zo gaisuwa sun ba shi mamaki, manya da gemu da mata da jikoki, da yawa bai san su ba, kowa sai ya ce Yaya ce ta auna shi yana jariri, uwarsa ce ta ce lalle ya zo.

Ya ci gaba da hawa babur ɗin shekara biyu, har yanar ido ta fara rufe masa gani, 'ya'yansa suka haɗa kai suka ɓoye makullin. Ya yi fushi na sati guda, sannan ya bai wa wani maƙwabcinsu mai kai burodi shaguna. Yanzu Auta ba ya zuwa shago, teloli ne ke kawo masa kan keke har gida, ya gyara da lalube a kan tabarma, kuma har yanzu ba a mayar masa da aiki. Da safe mai burodin yakan wuce ta ƙofar gidan da kwali uku a ɗaure a baya. Tun daga nesa Auta ke gane shi. Yakan karkata kai ya saurara har ƙarar ta ɓace, sannan ya ce wa matarsa mutumin nan bai canza baƙin mai ba har yau, in ta ga matar mai burodin ta faɗa mata.